Gyaɗa, waken suya ko riɗi: kariyar da kowace shuka ke yi wa kanta, da inda kariyar ke ƙarewa a gonakin Abuja

Manomin Kwali ko Kuje ko Abaji da ya ware hekta ɗaya ko biyu don amfanin da ake tatsar mai, zaɓinsa na gaske bai wuce uku ba: gyaɗa, waken suya, riɗi. Yawanci da farashin kaka ake yanke hukunci, sai kuɗin taki. Kuɗin feshi da asarar rumbu sai daga baya ake tuna su, alhali su ne kan cinye ribar. Kowanne cikin ukun nan yana haɗa wa kansa sinadaran kariya. Sanin inda sinadarin yake, a ganye ne ko saiwa ko ƙwaya, da lokacin da yake aiki, da ƙwaron da bai damu da shi ba, shi zai gaya maka sau nawa za ka goya famfon feshi, a wane wata, da abin da za ka iya yi da tunkuza bayan an tatse mai.

Kwarin gona iri biyu ne a wannan magana. Akwai masu cin duk abin da suka samu, kamar fara, da tsutsar Spodoptera, da tsutsar Helicoverpa mai huda tumatir da kwanson auduga da goyon masara. Akwai kuma waɗanda suka zauna wa dangin shuka ɗaya tun fil azal. Dafin shuka kan rage wa na farko ci, ya jinkirta girmansu har tsuntsaye da zanzaro da gizo-gizo su sami damar kama su. Na biyun sun riga sun mallaki makarin dafin, wasunsu ma da ƙanshinsa suke gano gona.

An fi ganin wannan a dangin kabeji, wato mastad da kanola, waɗanda ake tatsar mansu a Kanada da Turai da Indiya da Sin. Ganyensu na ajiye sinadarin gulukosinolet a waje ɗaya, inzayim ɗin da ke farfasa shi, wato sinadarin da ke sarrafa wani sinadari, kuma a wani waje dabam. Da tsutsa ta tauna, biyun suka haɗu, sai wani abu mai yaji mai hawa hanci ya fito, ya kori masu cin komai. Amma ƙaramar tsutsar kabeji, Plutella xylostella, tana da nata inzayim a hanji da ke lalata gulukosinolet kafin yajin ya fito, kuma uwar da wannan sinadarin take gane ganyen da za ta zuba ƙwai. Darɓar kabeji tara shi take yi a jikinta don kare kanta. Duk wanda ake kwaɗaita wa gwada kanola a tudun Jos saboda sanyi, ya sani kwarin nan biyu suna can a gonakin kabeji, damina da rani, kuma yajin mastad ba zai hana su ba. A 1974 aka fitar da irin kanola mai suna Tower a Kanada, wanda aka rage wa gulukosinolet a ƙwaya domin yana hana dabba cin tunkuza yana kuma kawo mata maƙoƙo. Ƙa'idar kanola har yau ita ce ƙasa da maikiromol 30 a kowane giram na busasshiyar tunkuza.

Auduga ta nuna abin da ke faruwa idan aka kwance wa shuka makami gaba ɗaya. Ɗaga ganyenta ga rana, ko ka fasa gurya: baƙaƙen ɗigon nan jakunkunan gubar gosifol ne da 'yan'uwansa. A ƙarshen shekarun 1950 wani masani mai suna McMichael a Kalifoniya ya fitar da auduga marar ɗigo daga wani tsohon iri na ƙabilar Hopi, don a ci guryar ba fargaba. Guryar ta yi kyau, amma gonar ta zama kiwon kwari, har da waɗanda ba a san su da damun auduga ba. Sai a 2018 Amurka ta amince da wani iri na jami'ar Texas A&M da aka kashe gosifol a ƙwayarsa kaɗai aka bar shi a ganye da kwanso. Ko da gosifol ɗin ma, tsutsar Helicoverpa na iya karya shi a cikinta, abin da ya sa Nijeriya ta saki auduga mai Bt, wadda aka sauya wa halitta ta riƙa kashe tsutsa, a 2018 ta hannun cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru.

Auduga ba amfanin Abuja ba ce sosai, amma tunkuzar gurya daga su Funtuwa da Gusau tana shigowa kasuwannin abincin dabbobi, kuma masu kaji a Kuje da Gwagwalada kan saye ta idan waken suya ya yi tsada. Babbar saniya na jure ta saboda tumbi yana ɗaure gosifol. Kaza da zomo da maraƙin da bai fara tuƙa ba, ba sa jurewa. A kajin ƙwai gwaiduwa kan koma kore-kore mai duhu idan ƙwan ya kwana biyu a ajiye. Dokar Tarayyar Turai ta tsai da sakakken gosifol a miligiram 20 cikin kilon abincin kajin ƙwai, 100 ga sauran kaji, 500 ga manyan shanu. Tazarar nan ta isa ta nuna wa mai kiwo wa ya dace da gurya.

Gyaɗa

Makamin gyaɗa mafi daraja ba a ajiye yake ba, sai an taɓa ta take haɗa shi. Idan fumfunar Aspergillus flavus ta fara shiga, ƙwayar kan fitar da sinadarai dangin sitilbin, cikinsu har da resberatirol da arakidin, su tsai da ita. Sharaɗin ɗaya ne: ƙwayar ta kasance da ruwa a jikinta. In fari ya kama gyaɗa a makonni huɗu zuwa shida na ƙarshe, ƙasar da kwanso ke kwance ta ɗau zafin digiri 28 zuwa 31, ƙwayar kan bushe har ta kasa haɗa komai, alhali laimar da ta rage ta ishi fumfuna ta yaɗu. A wannan ɗan tsakanin ne gubar afulatoksin ke taruwa, kuma ƙananan ƙwayoyin da ba su ƙosa ba su ke fara kamuwa. Saboda haka tsince motsattsu da masu sauyin launi na rage guba ƙwarai. Abin takaici shi ne wannan tsintar ce ake sayarwa da araha a yi ƙuli-ƙuli, ko a zuba wa kaji. Gubar ba ta mutuwa da suya, kuma hantar yara ce ke ɗaukar ta. Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da ta haura maikirogiram 4 a kilo.

Kwarin ƙasa su ke buɗe wa fumfuna ƙofa. Gara na kankare ɓawo, ƙadandoniya na huda ɗanyen kwanso, gwazarma na cin saiwa har shuka ta yi yaushi kamar fari ya same ta. Gyaɗa ba ta da wani sinadari da ke hana gara, kuma ɓarnarta na ƙaruwa idan ƙasa ta bushe aka jinkirta cira.

A nan lissafin kalandar Abuja ke da sarƙaƙiya. Ruwa kan sauka daga Afrilu ya kai Oktoba. Irin gyaɗa SAMNUT 24 na nuna a kusan kwana 90. Ka shuka ta a Mayu, ka tsere wa farin ƙarshe, amma cirarka za ta faɗo cikin Agusta, tsakiyar marka, inda shanya ke gagara, fumfuna ta kama a tsibi maimakon a ƙasa. Ire-iren da ke nuna da wuri kuma galibi ƙwayarsu na tsirowa a cikin ƙasa idan aka bar ta cikin ruwa bayan ta ƙosa. SAMNUT 21 da 22 na ɗaukar kwana 115 zuwa 120, suna kuma ba da harawa mai yawa. Ka shuka su a tsakiyar Yuni, cira ta zo tsakiyar Oktoba daidai ɗaukewar ruwa. Wannan shi ne ya fi dacewa da yankin a ganinmu, muddin shukar ba ta zarce cikin Yuli ba. In ta zarce, makonnin ƙarshe za su faɗa cikin busasshiyar ƙasa mai zafi, wato daidai yanayin da ke kashe kariyar ƙwaya.

Abubuwa biyu na taimaka mata. Jifsam, kilo 200 zuwa 400 a hekta lokacin fure, yana ba kwanso kalsiyam ya cika ya yi ƙwari. Sai Aflasafe na cibiyar binciken noma ta IITA, ƙwayar dawa ce da aka shafa wa jinsin fumfunar da ba ta yin guba, domin ta mamaye wurin mai gubar. Ana watsa kilo 10 a hekta kimanin wata guda bayan shuka, ƙasa na da laima, kuma ba a sake noma a binne ta. In aka watsa a busasshiyar ƙasa, tururuwa da tsuntsaye ne za su amfana.

A saman ƙasa babbar abokiyar gaba darɓa ce, Aphis craccivora, ba don abin da take sha ba, sai don kuturtar gyaɗa da take ɗaukowa. A 1975 cutar ta lalata kimanin hekta 700,000 a Arewacin Nijeriya. Darɓa na soka siririn bakinta ta tsakanin ƙwayoyin ganye har ta kai jijiyar ruwan abinci, don haka mafi yawan ɗacin ganye ba ya taɓa ta. An sami wasu ire-iren gyaɗa masu yawan tanin, wani sinadari mai bauri, a sandar ganye, inda haihuwar darɓa ke raguwa, amma juriyar SAMNUT 21 zuwa 24 ga ita cutar ce. Za ka iya ganin darɓa a kansu ba tare da gonar ta kuturce ba. Wanda ke shuka tsohon iri na gida ba shi da wannan garkuwa, abin da ya rage masa shuka da wuri da matse tazara. Darɓa mai fiffike ta fi sauka inda take hango ƙasa tsirara tsakanin shuke-shuke. Kunya santimita 75, tazarar rami santimita 10 ga masu tsayuwa, 20 ga masu yaɗo, a kuma tuge gyauron bara da ya tsiro, domin a kansa cutar ke ƙetare rani.

A rumbu, a bar ta cikin ɓawo. Jar fatar ƙwaya na da tanin mai ɗan jinkirta fumfuna, amma da zarar an ɓare, fatar ta kuje, jajayen kwarin gari sun samu shiga. Mai huda ɓawo ƙwaro ɗaya ne sananne, Caryedon serratus, wanda ke rayuwa kuma a 'ya'yan tsamiya da kalgo, don haka kada a shanya ko a ajiye gyaɗa kusa da su. A busar har laima ta sauka kashi 8 cikin 100, lokacin da ƙwaya ke kaɗawa a cikin ɓawo idan an girgiza.

Waken suya

Shi kam da makamansa a ɗaure yake zuwa. Ƙwayarsa cike take da furotin masu toshe tirifsin, inzayim ɗin narkar da abinci, manyansu biyu ana kiransu Kunitz da Bowman-Birk. Akwai lektin da safonin da aisofilabon. Ganyen ma na ƙara irin waɗannan masu toshewar idan aka ciji shi, saiwa da kara kuma su fitar da gilisiyolin idan cuta ta taɓa su. Tsutsotsi masu cin ganye da tirifsin suke narkar da abinci, don haka girmansu kan yi nawa. Haɗe da wannan, waken na da ganye fiye da yadda yake buƙata. A Barazil, inda aka fi kowa nomansa, ba a shawartar feshi sai ɓarnar ganye ta kai kashi 30 cikin 100 kafin fure, ko kashi 15 bayan fure. Ido kan zuzuta hujin ganye. Yawancin feshin da ake yi wa waken suya a Yuli saboda 'yan huji asarar kuɗi ne, kuma yana kashe kwarin da za su taimake ka a Satumba.

Satumba ce lokacin haɗari. Da kwanso ya fara cika, masu tsotsa ke shigowa: koren ƙwaro mai wari Nezara viridula, da dogo mai launin ƙasa Riptortus, da 'yan'uwansu da aka sani a gonar wake. Hanjinsu da wani rukunin inzayim dabam yake aiki, wanda masu toshe tirifsin ba sa kamawa. Ɓarnarsu ba ta bayyana a ganye. Sai an zo sussuka a ga kwanso shafal, ƙwaya a motse da tabo, wani lokaci kara ya ƙi bushewa ya tsaya kore. Irin da suka soka ba ya tsira da kyau.

Dubawa ba ta da wuya. A sami farin buhu mai tsawon mita ɗaya, a shimfiɗa tsakanin layi da sassafe kafin rana ta sa su tashi, a karkaɗa shukar layi ɗaya a kansa, a ƙirga manya da 'ya'yan da suka haura rabin santimita. A yi haka a wurare shida zuwa goma, sau ɗaya a mako, daga fitowar kwanso har ƙwaya ta cika. Ma'aunin fara feshi a Barazil ƙwaro biyu ne a mita ga waken sayarwa, ɗaya ga wanda za a ajiye iri. Daga gefen gona suke farawa, musamman gefen da ke kallon gonar wake ko jeji, kuma sau da yawa feshin layukan gefe kaɗai na wadatarwa idan an gan su da wuri.

Tsatsar ganye ita ce cutar da kariyar waken ba ta iya tarewa ita kaɗai, kuma laimar Agusta da Satumba a Abuja ta yi mata daidai. Irin TGx 1448-2E, wanda manoma suka saba da shi saboda kwansonsa ba ya saurin fashewa, yana kamuwa. TGx 1835-10E an fitar da shi ne don juriyar tsatsa, kuma yana nuna da wuri. Duba ƙasan ganyen ƙasa: ƙananan ƙuraje masu launin ƙasa da ke barin gari a yatsa.

Inda waken suya ya yi wa sauran biyun fintinkau wurare biyu ne. Na farko rumbu. Ƙwaron da ke mai da farin wake gari cikin 'yan watanni ba ya samun yadda yake so a waken suya, don haka buhun da ya bushe zuwa kashi 12 cikin 100 kan zauna ba tare da magani ba. Ƙarfin tsiro ne ke saurin mutuwa da zafi da laima, shi ya sa irin shuka ke son busarwa fiye da haka da ajiya a wuri mai sanyi, kuma a gwada tsirar ƙwaya 100 kafin damina. Na biyu ƙuduji. Saiwar waken na fitar da sinadarin da ke ta da irin ƙudujin masara da dawa daga barci, ya tsiro, ya rasa saiwar da zai kama, ya mutu. Shekara ɗaya ba ta share gona, amma juyin waken suya da masara na rage shi a kai a kai. Gyaɗa da riɗi da auduga ma na yin haka gwargwado.

Kuɗin wannan kariya a wajen ciyarwa ake biyan sa. Abin da ke toshe hanjin tsutsa shi ke toshe na kaza: ɗanyen waken suya na hana tsaki girma, ya kumbura masa saifar narkewa (pancreas), kashi ya yi ruwa. Dole a dafa. A jiƙa, a tafasa minti 30 ana ƙirgawa daga lokacin da ruwa ya fara tafasa, a shanya. Ko a soya a kasko ana juyawa har cikin ƙwaya, ba bayanta kaɗai ba, ya koma ruwan zuma mai haske, ɗanyen warin ya tafi. In ya yi duhu an ƙona laisin, sinadarin ginin jiki da aka sayi waken dominsa. Gwajin gida: a zuba cokali biyu na garin a kwalba, a ƙara ɗan takin yuriya da aka narkar a ruwan ɗumi, a rufe minti 20 zuwa 30. In an buɗe warin amoniya ya bugi hanci, bai dahu ba. Dalilin nan ne ya sa ba a haɗa ɗanyen waken suya da abincin shanun da aka sa wa yuriya: amoniyar na fita farat ɗaya a tumbi, tana iya kashe dabba.

Riɗi

Ana yawan cewa riɗi ba ya son magani. Akwai gaskiya a ciki, amma dalilin ba sinadari kaɗai ba ne. A yankin Abuja da maƙwabciyarta Nasarawa, daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta ake shuka shi, ya nuna cikin kwana 90 zuwa 110, a yanke shi cikin busasshen Nuwamba. Ƙwayarsa a sama take, nesa da gara da fumfunar ƙasa. Wannan kaɗai ya raba shi da rabin matsalar gyaɗa.

Sinadaransa sanannu sesamin da sesamolin ne, kuma a ƙwaya suka fi yawa. Su ke sa man riɗi ya daɗe bai yi ɗaci ba. Game da kwari, aikinsu na ban sha'awa ne: ba su cika kashewa da kansu ba, toshe inzayim ɗin da ƙwaro ke karya guba da shi suke yi. A farkon shekarun 1940 aka gano a Amurka cewa man riɗi na ƙara wa maganin fairetiram ƙarfi a kan ƙuda, kuma daga wannan binciken aka kai ga sinadarin PBO da ake sa wa wasu gidajen sauro na yanzu. Wannan ba izinin zuba man riɗi a famfon feshi ba ne, mai ba tare da abin gauraya shi da ruwa ba yana ƙona ganye. Saiwar riɗi kuma na rage tsutsar nematod mai sa saiwa ƙulli, ko da yake ba kowane jinsinta ba, don haka yana da kyau a gabatar da shi a filin da za a sa tumatir ko kuɓewa ko barkono.

Duk da haka yana da nasa ƙwaron gida. Tsutsar Antigastra catalaunalis na fara aiki tun shuka na da mako biyu zuwa uku: ta saƙa ganyen kai da zare, ta ɓuya ciki ta cinye toho, daga baya ta shiga fure da kwanso. Ɗan tsaikon ruwa na ƙara mata yawa. Da zarar ta shiga kwanso magani ba ya isa gare ta, don haka aikin na kwana 25 zuwa 45 ne bayan shuka. A duba shuka 20 a wurare biyar. In ɗaya cikin goma ta naɗe kai, a yi feshi da yamma. A ƙaramar gona ruwan 'ya'yan darbejiya na aiki a kan ƙananan tsutsa: giram 50 na dakakkiyar ƙwaya a litar ruwa, wato kilo ɗaya a famfo mai lita 20, a jiƙa ya kwana, a tace da kyau, a sa ɗan sabulu, a maimaita bayan mako guda domin rana na kashe ƙarfinsa. Akwai kuma wani ɗan ƙuda da ke sa kwanso ya kumbura ya zama ƙulli ba ƙwaya, da cutar da ke mai da fure ganye, wadda wani ƙaramin ƙwaro mai tsalle ke yaɗawa. Shukar da furenta ya koma ganye ba ta warkewa, a tuge ta.

Asarar da aka fi rainawa a wajen shanya take. Idan an ɗaure dami an jingina a tsaye, wani ƙwaro mai launin ƙasa, Elasmolomus, kan taru a ƙarƙashi, ya fito da dare ya tsotse man ƙwaya. Riɗin ya yi shafal, ya yi ɗaci, mai saye ya rage kuɗi. Yana yi wa tsibin gyaɗa haka. A jingina dami a kan tamfol a share wuri, a kakkaɓe da zarar kwanso ya buɗe, kimanin mako biyu, kada a bar shi wata guda a gona. Kuma kada a kusanto da fiya-fiya. Mai na riƙe magani, riɗin Nijeriya kuwa mafi yawansa waje ake kai shi, kuma Japan na amfani da iyakar 0.01 cikin miliyan ga duk maganin da ba ta sa wa ƙa'ida ta musamman ba. Ragowar irin wannan magani ne ya sa Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Nijeriya a 2015. Busarwa sosai da buhun PICS mai hana iska sun wadatar. Wajen iri, cibiyar binciken hatsi ta NCRI da ke Badeggi ce ke da alhakin riɗi, kuma NCRIBEN 01M da E8 na cikin fararen da aka sani. Kilo 4 zuwa 5 a hekta, a gauraya da yashi, a tsuge bayan mako uku.

Zurma ta cancanci 'yan kalmomi, don akan ce a kewaye gona da ita ta kori kwari. Ƙwayarta na da risin, ganyenta na da risinin, amma tsutsar Spodoptera son ganyen take, har da shi ake kiwonta a ɗakunan bincike. A Indiya ana shuka ta gefen gyaɗa a matsayin tarko: uwar ta zuba ƙwai a faffaɗan ganye, manomi ya bi ya tsinke. In ba za a riƙa bi ana tsinkewa ba, an yi wa tsutsa wurin haihuwa ne. 'Ya'yanta kaɗan na iya kashe yaro, tunkuzarta ba abincin dabba ba ce, sai dai taki.

Wanne ke nan?

Mai jar ƙasa ko laka-laka, wanda ƙuduji ya dami masararsa, ko yake da kaji ko mai sayen da ke da kaji, waken suya ne nasa. A shuka daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli, layi santimita 50 zuwa 75, iri kilo 50 zuwa 60, takin Supa kamar buhu huɗu a hekta. Mansa kaɗan ne, kashi 18 zuwa 20 cikin 100, ribarsa a tunkuza take. Abin da yake nema a wurinka ƙirgar kwari a kan buhu a Satumba, da girbi da zarar yawancin kwanso ya yi ruwan ƙasa kafin ya fara fashewa.

Mai tudu mai yashi da ruwa ba ya kwanciya, wanda jarinsa kaɗan ne, ko wanda ya cire masarar farko a Yuli yana son amfani na biyu, riɗi ya fi masa. Kusan rabin ƙwayar mai ne, feshi ɗaya ko biyu kan isa, amma kwana biyu cikin ruwan kwance na kashe shi, don haka fadamun Gurara da Usuma ba wurinsa ba ne.

Gyaɗa ita ma kusan rabinta mai ne, ga harawar da masu kiwon raguna ke saye da tsada a rani, kuma mata masu ƙuli-ƙuli na nan a kowace kasuwa daga Zuba har Abaji. Amma cikin ukun ita ce kariyarta ta fi dogara da hannun manomi. Muna ba da shawararta ga mai sassauƙar ƙasa, mai tabbataccen iri mai jure kuturta, wanda zai iya shuka kafin Yuni ta fita, yana kuma da tamfol ko dandamalin shanya da hannayen da za su cire ta cikin 'yan kwanaki idan ta ƙosa. Gonar da ke da shurin gara a tsakiya ko a gefe, a ba ta waken suya ko riɗi a bana, a kai gyaɗar wani fili.